Makami a Ƙarshe: Matakan Shigar da Matashi Farautar Barewa a Amurka da Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake shigar da yaro ɗan shekara 12 zuwa 15 harkar farauta ba tare da ya halaka kansa ko waninsa ba. An ɗauki tsarin jihohi biyu na Amurka, Fensilbaniya da Wiskonsin, inda farautar barewa ta zama al'adar da doka ta tsara, aka auna shi da tarbiyyar maharban ƙasar Hausa da abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada. Maƙalar ta nuna cewa al'ummomin biyu sun yi tarayya wajen jinkirta miƙa wa yaro makami da ajiye shi kusa da babba, amma sun saɓa a kan ko mai farauta ya kamata ya ɓuya ko ya bayyana. A wannan saɓanin ne mafi yawan haɗarin yake.

1.0 Gabatarwa

Nazarin farauta a fagen al'adun Hausawa ya fi karkata ga kirari da waƙoƙi da magunguna da sarautu irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa. Duk waɗannan sun shafi gawurtaccen mafarauci wanda ya riga ya yi suna. Tambayar da ke gaban wannan maƙala ta shafi farkon tafiyar: ta yaya yaron da jiya yake harbin kanari da danƙo zai zama wanda za a amince ya riƙe abin da ke kisa daga nesa, a dajin da akwai wasu mutane a cikinsa? Shekarun farkon balaga su ne mafi wuya a wannan fuska, domin jiki ya fara ƙarfi, sha'awar a yaba masa ta yi yawa, auna sakamakon aiki kuwa bai gama nuna ba.

An zaɓi Amurka don kwatance saboda a can ne aka fi rubuta amsar wannan tambaya a matsayin doka, da shekaru da ƙa'idoji da hukunci. Abin da Bahaushe ya adana a aikace da camfi, su sun adana shi a takarda, kuma ajiye su kafaɗa da kafaɗa yana fito da abin da kowane ɗaya ya ɓoye.

2.0 Barewa Biyu

Akwai buƙatar a warware wani ruɗani na suna tun da wuri. Dabbar da Bahaushe ke kira barewa, kamar yadda ƙamusun Bargery na 1934 ya fassara ta, tana cikin dangin gada da gwanki da mazo, masu ƙahon da ba ya reshe kuma ba ya faɗuwa har mutuwa. Wadda ake farauta a Amurka daga wani dangi ne daban. Namijinta ne ke da ƙaho mai rassa kamar itace, yana zubar da shi kowace shekara, sabo ya tsiro. Wannan dangi ba shi da asali a Afirka kudu da Sahara. A nahiyar gaba ɗaya, sai a tsaunukan Atlas na arewa ake samun wani nau'insa. Masu fassara sun saba aro mata sunan barewa don rashin wani, kuma haka za a yi a nan, sai dai inda ake tsoron ruɗani za a ce barewar Amurka, wato mai farar wutsiya, wadda ita ce aka fi farauta a gabashin ƙasar.

Bambancin bai tsaya ga ƙaho ba. A wajejen shekarar 1900 barewar Amurka ta kusa ƙarewa saboda farautar kasuwa, amma yau ana ƙiyasta yawanta da kimanin miliyan 30, har hukumomi na dogara da mafarauta wajen rage ta. Barewarmu kuwa raguwa take yi. Za a dawo kan wannan a sashe na ƙarshe.

3.0 Tsarin Amurka

Jihar Niyok ce ta fara wajabta karatun kiyaye haɗarin farauta kafin a ba mutum lasisi, a shekarar 1949, sauran jihohi suka bi sahu. Wani ɓangare na kuɗin gudanar da karatun yana fitowa daga dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta karkatar da harajin kashi 11 cikin ɗari na dogayen bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji, aka kuma yi mata gyara a 1970 don ta ɗauki nauyin koyar da mafarauta. A Wiskonsin, wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa sama sai ya nuna shaidar wannan karatu kafin ya yi farauta shi kaɗai. Girman al'adar ya kai ga, kafin 2019, makarantu da yawa a karkarar Fensilbaniya sun daɗe suna rufewa a ranar buɗe farautar barewa da bindiga, domin an san ɗalibai da malamai duk suna daji.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin al'ada shi ne matakan shekaru. A Fensilbaniya, lasisin matasa na 'yan shekara 12 zuwa 16 ne. Ɗan 12 ko 13 ba ya fita sai da babba daga cikin danginsa. Ɗan 14 ko 15 zai iya fita da kowane baligi. Sai ya kai 16 ake barinsa shi kaɗai. A 2006 jihar ta ƙara wani shiri na koyo a hannun jagora, wanda ya fara da yara 'yan ƙasa da shekara 12. Ƙa'idojinsa sun cancanci a tsaya a kansu: makami ɗaya tak ake yarda ya kasance tsakanin yaron da jagoransa, jagoran ne ke ɗauke da shi duk lokacin da ake tafiya, yaron ba ya riƙe shi sai an tsaya cak, kuma a lokacin dole ya kasance inda hannun jagoran zai iya kai wa gare shi. Hikimar makami ɗaya a bayyane take. Uban da ke riƙe da tasa bindigar, idan barewa ta ɓullo, idonsa zai koma kanta ya bar yaron. Wanda hannunsa yake wofi ba shi da abin kallo sai ɗansa.

Wiskonsin ta kafa irin wannan shiri a 2009 da sharaɗin shekara 10, sannan a 2017 ta soke sharaɗin shekarun, ta kuma soke na makami ɗaya. A ganin wannan maƙala, soke na biyun ya fi na farkon illa, domin shekaru lissafi ne kawai, amma hannun jagora ya zama wofi shi ne ainihin tsaron.

Karatun kansa ya ginu a kan ƙa'idoji huɗu da ake sa yaro ya haddace. A ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki ko da an ce babu. Kada bakinta ya fuskanci abin da ba a nufin harbi. Kada yatsa ya kusanci kunama sai an yi niyyar harbi. Sai kuma a tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa. Ta ƙarshen ce ta fi wahalar koyarwa, domin sauran ukun dabi'ar hannu ce da maimaici ke gyarawa, ita kuwa hukunci ce da ake yankewa cikin daƙiƙa kaɗan, zuciya na bugawa. Mafarautan can suna da suna na musamman ga rawar jikin da ke kama sabon shiga idan ya ga namijin barewa a karon farko: numfashi ya sarƙe, hannu ya yi karkarwa, ido ya daina ganin komai sai ƙahon. A irin wannan hali ne ake harbin motsin ganye. Harsashin doguwar bindiga kuwa yana iya tafiyar fiye da kilomita 3, saboda haka ba a harbin dabbar da ke tsaye a kan tudu inda babu ƙasa a bayanta da za ta tare shi.

Kafin ranar fita, yaro yakan shafe makonni yana harbin takarda a filin gwaji, da toshiyar kunne, da bindigar da ba ta dukan kafaɗa sosai, irin .243 Winchester. Dalilin ba tausayi kaɗai ba ne. Yaron da bindiga ta taɓa razanawa yakan rufe ido ya fizgi kunama, kuma wannan dabi'a tana da wuyar cirewa. Ana koya masa ya nufi bayan kafaɗar gaba, inda zuciya da huhu suke, ya bar harbin idan dabbar na gudu ko ta yi nisa, sannan bayan harbi ya dakata kamar rabin sa'a kafin ya bi sawun jini, don kada ya tayar da dabbar da ta kwanta mutuwa ta ƙara nisa. Da yawa daga cikin raunukan farautar barewa ma ba daga bindiga suke ba. Daga faɗowa ne daga ɗan dandamalin dako da ake kafawa a kan bishiya. Shi ya sa ake ɗaura ɗamarar tsaro tun daga ƙasa, a jawo bindiga sama da igiya bayan an cire harsashi, ko kuma a bar sabon shiga ya yi dakonsa a ƙasa.

4.0 Tarbiyyar Ƙasar Hausa

A nan sai an bambanta maharbi da mafarauci, ko da yake ana musanya sunayen a maganar yau da kullum. Maharbi sana'arsa ce, galibi ta gado. Yana shiga daji shi kaɗai ko da yaransa, da baka da kwari ko bindigar toka, yana bin sawu, yana dako a mashaya. Farautar gayya kuwa ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona, inda garuruwa ke haɗuwa da karnuka da gora da adda da barandami, ana kiɗa ana kirari. Yaro yana iya shiga ta kowace ƙofa, amma tarbiyyarsu ba ɗaya ba ce.

Ɗan maharbi ba ya farawa da baka. Yana farawa da danƙo da tarkon tsuntsu da haƙar gafiya a bayan gari. Idan ya ɗan tasa sai ya zama mai riƙe kare, mai ɗaukar goran ruwa da burgami, yana tafiya a bayan mahaifinsa. A cikin waɗannan shekaru yake koyon abin da babu makarantar da za ta koya masa a mako guda: bambanta sawun gada da na akuya, sanin sabon kashi da tsoho, tafiya ta inda iska ba za ta kai warinsa ga nama ba, gane ramin da maciji ya gaje, da kuma yin shiru na tsawon lokaci. Sai an ga natsuwarsa ake ba shi baka, kuma kibiya mai dafi ita ce ta ƙarshe. Dafin da ake haɗawa da 'ya'yan ƙwanƙwani yana tsayar da zuciya, kuma ba ya bambanta jinin barewa da na yatsan da ya kuskure. Sirrin haɗa shi ba a buɗe wa yaro sai ya mallaki hankalinsa. Ana yawan fassara wannan ɓoyo da rowar ilimi ko kishin gado, amma idan aka dube shi ta fuskar tsaro, aikin da yake yi daidai yake da na lasisi.

Idan aka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ana nufin gado, amma a gidan maharba gadon yana zuwa ne ta hanyar doguwar rakiya. Ba kuma maza kaɗai ba. Aisha Bakari Gombi ta jihar Adamawa, wadda ta yi suna wajen jagorantar maharba a yaƙi da Boko Haram, tun tana ƙarama ta koyi farauta a hannun manyan gidansu.

Camfi ma yana da nasa aikin. Imanin cewa dawa tana da masu ita, kuma ba a kutsa mata kai tsaye da tsakar rana ko a keɓe daga jama'a, yana tsare yaro daga ɓata da ƙishirwa ko da bai san dalilin ba. Inda Ba'amurke zai ce doka ta hana, Bahaushe cewa yake yi ba kyau, kuma ga yaro ɗan shekara 13 na biyun ba lallai ne ya fi rauni ba.

Farautar gayya ce ke da matsala. A nan yaro yana cikin taro, ba a gaban mutum ɗaya da ke da alhakinsa ba. Kiɗa da kirari, irin waɗanda makaɗa kamar Kassu Zurmi suka shahara da su, an gina su ne don su tsuma namiji ya manta da tsoro, alhali tsoro shi ne abin da sabon shiga ya fi buƙata. Idan nama ya tashi a tsakiyar da'ira, jifa na zuwa daga kowane ɓangare, kuma wanda ke ɗaya gefen ɗan'uwa ne. Ga kuma rikicin ƙwace, inda ƙungiyoyi ke faɗa a kan wanda ya fara sara, har a zubar da jinin da ya fi na zomon da ake jayayya a kansa daraja.

5.0 Abin da Fiƙihu ya Tanada

Ba a buƙatar tafiya Amurka don samo ƙa'idar bakin bindiga. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya hana Musulmi nuna ɗan'uwansa da makami, kuma dalilin da aka bayar shi ne hannu yana iya suɓucewa. Wani hadisin daga Abu Musa ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. Na Abdullahi ɗan Mugaffal kuwa ya hana jifa da tsakuwa a yatsa, bisa hujjar cewa ba ta kashe abin farauta, sai dai ta karya haƙori ko ta tsiyaye ido, hujjar da duk mai ɗa da danƙo ya kamata ya yi tunani a kanta.

A Malikiyya, Muhtasar na Halil ya shardanta mai farauta ya zama Musulmi mai wayo, wato mai rarrabe abubuwa, bai shardanta balaga ba. Ma'aunin a nan hankali ne ba adadin shekaru ba, wanda ya yi daidai da aikin maharba. Risalar Ibn Abi Zaid kuma ta karhanta farauta don wasa, ta halatta wadda ba don wasa ba. Wajabcin niyya da ambaton sunan Allah lokacin sakin kibiya ko kare yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: mai niyyar farautar dabba sai ya san dabba ce. Wanda ya harbi inuwa bai san abin da ya yi wa bisimilla ba.

6.0 Ɓuya ko Bayyana

A nan ne hanyoyin biyu suka rabu. Doka a Fensilbaniya ta wajabta wa mai farautar barewa da bindiga ya sa tufa mai ruwan goro mai ƙyalli, aƙalla inci murabba'i 250 a kai da ƙirji da baya, yadda za a hango shi ta kowace fuska. A Wiskonsin rabin tufafin da ke sama da ƙugu ne za su zama wannan launi, kuma tun 2016 an yarda da ruwan hoda mai ƙyalli. Wannan bai hana samun nama ba, domin idon barewa ba ya rarrabe ja da ruwan goro yadda na mutum ke yi, motsi da wari ne suka fi tona mafarauci. Farautar barewa da dare da fitila haramun ce. A Fensilbaniya ana fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, a daina rabin sa'a bayan faɗuwarta.

Tunanin maharbin Hausa akasin haka yake. Tufafinsa rinannu ne da suka yi kala da ƙasa da ganye, kuma manyan magungunansa na ɓacewa ne: layar zana da baduhu. Inda ake tsoron makamin wani, sai a nemi kau-da-bara da sagau da tauri. Ke nan alhakin tsira yana wuyan wanda za a iya harba, ya nemi abin da zai kare jikinsa, ba a wuyan mai harbi kaɗai ba. Wannan tunani yana da ma'ana a zamanin baka, lokacin da kibiya ba ta wuce 'yan taku, maharbi yana ganin abin da yake bara da idonsa, kuma babban abin tsoronsa shi ne zaki ko ɓauna. Da bindiga ta shigo, babban abin tsoro a daji ya koma ɗan'uwan farauta, amma tufafi da imani ba su canza ba. Ba a nan za a yi muhawara a kan ko laya tana ci ko ba ta ci ba. Abin lura shi ne tasirinta a kan hali: saurayin da ya yarda ƙarfe ba ya cinsa ba shi da dalilin kaucewa bakin bindigar abokinsa, abokin ma ba shi da dalilin kawar da ita.

Fitilar goshi ta ƙara dagula lamarin. Mai farautar dare yana harbin ƙyallin ido ne, bai ga jikin dabbar ba, balle abin da ke bayanta. Bindigar toka kuma tana da nata sharrin, domin ta baki ake ɗura ta, fuska da hannu suna kusa da inda wuta ke fita, albarushi idan ya yi yawa ko aka manta aka ɗura sau biyu bututun yana iya fashewa, wani lokaci kuma ta yi jinkirin tashi sai an juyo ta ana dubawa.

7.0 Halin da Ake Ciki

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisin bindiga, kuma bindigar toka ma tana cikin waɗanda ke buƙatar izinin hukumar 'yan sanda. Saboda haka yaron da wannan maƙala ke magana a kansa ba shi da hurumin mallakar bindiga a ƙasar nan, abin da ya rage masa shi ne matakan farko na tarbiyyar maharba, kuma su ne dama mafi amfani. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 sun taƙaita abin da za a kashe, an kuma haramta farauta a gandun daji irin su Yankari, wanda aka keɓe tun 1956. Barewa mai jan goshi, wadda ita ce ta yankinmu, tana cikin jerin dabbobin da ke cikin haɗari a duniya. Koya wa yaro harbinta a yau koya masa ƙarar da abin da zai gada ne. Zomo da zabo da fakara sun isa makaranta.

Abin damuwa shi ne tsanin da aka bayyana a sashe na huɗu yana karyewa. Rashin tsaro ya mayar da dazuzzuka irin su Kamuku da Sambisa wuraren da uba ba zai kai ɗansa koyon sawu ba, ya kuma mayar da maharba da yawa 'yan sintiri. Saurayi yana iya samun bindiga daga maƙeri kafin ya taɓa ɗaukar burgamin kowa. Ƙungiyoyin maharba da sarakunan baka su ne ke da ikon da za su iya cike wannan giɓi, domin suna da rajistar mutanensu kuma ana jin maganarsu. Abubuwa uku daga tsarin Fensilbaniya ba sa buƙatar kuɗi ko sabuwar doka: kowane yaro a farautar gayya ya zama yana da babba guda da aka sani da alhakinsa, makami ya zauna a hannun babban yayin tafiya, kuma a sa wa yara hula ko ɗan ƙyalle mai launin da ake hangowa daga nesa. Na ukun ne zai fi shan suka, domin ya ci karo da abin da maharbi ya ɗauka shi ne maharbi, kuma karɓuwarsa za ta dogara ne da ko Sarkin Baka zai yarda ya fara ɗaura wa ɗansa.